Ba Sunanki Ba Ne a Takardar

Shekara goma sha bakwai na yi ina buga tafireta a ofishin wata masaƙa da ke Bompai kafin ta durƙushe a sallame mu, don haka ba zan ce ban san halin takarda ba. Na san yadda ake buɗe fayil, na san yadda yake ɓata, na kuma san yadda yake bayyana idan mai shi ya gaji da zarya. Amma sai da na haura shekara sittin, ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani kamfanin roba, sannan wata takarda mai shafi ɗaya ta wahalar da ni wahalar da har yau ban manta da ita ba.

'Yata ta uku ta auri wani ma'aikacin majema a Challawa, suka zauna a Panshekara shekara shida, suka haifi 'ya'ya mata biyu, sannan auren ya mutu. Ba zan shiga abin da ya raba su ba. Shi yana da taurin kai, ita kuma baki gare ta, ni na haife ta na sani. Ta dawo ɗakina a Dakata da yaran, babbar tana shekara biyar, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba. Da maganar ciyarwa ta ƙi daidaituwa a gida, sai aka je kotun shari'a. Alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya ce kuma ya riƙa kai wa ofishin kotu a ba shi rasit, ita ta je ta sa hannu ta karɓa, tunda su biyun ba sa iya haɗuwa ba a yi cacar baki ba.

Haka aka yi shekara biyu lafiya lau. Bai taɓa tsallake wata ba, wannan shaidar zan ba shi ko a gaban wa.

Sai ta sami miji, wani direban babbar mota mutumin Damagaram, aka ɗaura aure ta bi shi Nijar. Yaran suka zauna a wurina, dama a gadona suke kwana tun zuwansu. Babu wanda ya yi tunanin kotu a cikinmu. Muna ta lissafin katifa da tukwane da wanda zai raka amarya.

Da wata ya ƙare na saka mayafina na hau adaidaita na tafi karɓo kuɗin. Na ɗauki katin shaidata da kwafin hukuncin da ta bar mini a cikin leda. Ofishin rajistara ɗaki ne ƙarami, fayiloli jibge har saman kabad, fanka tana juyawa a hankali. Rajistaran mutum ne mai fara'a, ya amsa gaisuwata da kyau, ya buɗe littafi ya bi layi da yatsa.

"An kawo, Hajiya. Tun shekaranjiya ma. Ina mai karɓar?"

Na ce ta yi aure tana Nijar, ni ce mahaifiyarta, yaran suna hannuna.

Ya duba takardar, ya dube ni. "Ai ba sunanki ba ne a takardar."

"Na sani, Malam. Sunan 'yata ne. Amma kuɗin na cikin yaran ne, yaran kuma suna gidana."

"Ban musa ba. Amma in na ba ki, gobe ta zo ta ce ina kuɗinta, me zan ce? Sai alƙali ya sauya hukuncin ya sa sunanki."

Na tambaye shi yadda ake yi. Ya ce in shigar da buƙata a rubuce, a aika wa uban yaran sammaci, a kuma ji ta bakin uwar. Na ce to ga wayata, bari in kira ta yanzu ya ji muryarta. Ya yi dariya ya ce kotu ba ta aiki da waya. Na rubuta buƙatar da hannuna a kan bencin waje, na biya kuɗin shigarwa, aka ba ni rana bayan mako uku.

A hanya na yi tunanin ai abin ba ya buƙatar wannan doguwar hanya. Uban yaran yana nan da ransa. Washegari bayan na tashi daga sana'a na ɗauki hanyar Challawa, adaidaita biyu da tafiyar ƙasa. Tun daga nesa warin jima yake tarar mutum, ya shige hanci ya zauna a maƙogwaro. Maigadi bai bar ni na shiga ba, na tsaya a gindin katanga wajen awa guda har aka tashe su daga aiki. Ya fito da dogayen takalman roba, yana ganina ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ku ne da kanku? Lafiya dai? Yaran ne?"

Na ce yara lafiya lau. Na faɗa masa abin da ya faru, na ce daga yanzu ya daina kaiwa kotu, ya riƙa kawo mini gida, shi ke nan an huta.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Mama, ku yi haƙuri. Ba don ban yarda da ku ba. Amma kun tuna na watan azumin bara waccan?"

Na tuna sarai. Ya taɓa kawo kuɗin wata guda gida ya ba 'yata hannu da hannu saboda ofishin kotu yana rufe. Da suka sami saɓani daga baya, ta tsaya a gaban alƙali ta ce wancan kuɗin kayan sallar yara ne, ba na ciyarwa ba, aka sa ya sake biya. Ina zaune a kotun a ranar, na san gaskiyar magana, ban buɗe baki ba saboda 'yata ce.

"Hukuncin yana nan a kaina," in ji shi. "In na daina kaiwa can, a littafinsu na zama wanda ba ya biya. Kuma ba ni da ƙarfin da zan biya biyu. Amma duk ranar da aka kira ni zan zo."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Na hau adaidaita ina ta tsaki, ban san wa nake yi wa ba, shi ko 'yata ko kaina.

Ranar kotu a wurina ranar asara ce. Cinikina na tsakar rana ne, daga sha biyu zuwa lokacin da 'yan aikin safe suke fita na yamma suke shiga. Kotu kuma cewa ake a zo ƙarfe tara, a zauna a benci har sai an kira mutum. Sai in tashi tun asuba in dafa, in ɗora kulolin a baro, in roƙi maƙwabciyata ta tsaya mini. Mace ce mai kirki amma hannunta a sake yake. Duk wanda ya ce mata "Hajiya, ƙara ɗan wake" sai ta ƙara, kafin ƙarfe ɗaya kula ta ƙare, kuɗin kuma ko na cefane ba su kai ba.

Zaman farko alƙali bai zo ba, an ce ya tafi taro. Aka ɗage mako biyu. Zama na biyu alƙali ya zo, uban yara bai zo ba. Ashe masinjan kotu ya kai sammacin wata majemar daban, ya ba maigadi ya juyo. Majemu ne a jere a layin, ƙofofinsu duk iri ɗaya. Na ce ai ina da lambar wayarsa, in kira shi ya taho yanzu. Rajistara ya ce ba a haka, dole takarda ta shiga hannunsa ya sa hannu. Na sake biyan kuɗin motar masinja, wannan karon na bi shi da ƙafata har ƙofar, na nuna masa mutumin da yatsa.

A tsakanin nan wata na biyu ya ƙare, na uku ya kama. Uban yana kaiwa, ana rubutawa, ana ajiyewa. Ni kuma ina gida ina raba ƙwai ɗaya gida biyu. Makarantar babbar suka yi haƙuri har suka gaji, ranar nan ta dawo da safe da jakarta a baya ta ce an ce ta zauna a gida tukuna. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke kayan makarantar ta saka a ƙarƙashin filo, kullum da safe sai ta leƙa waje ta ga 'yan layinmu suna wucewa. Na sayar da ɗan kunnena na zinare, wanda na saya da kuɗin sallamar masaƙa, na mayar da ita aji bayan mako uku.

Zama na uku uban ya zo, aka sake ɗagewa saboda ba a ji ta bakin uwar ba. Maganar uwar ce ta fi komai tsayawa. Rajistara ya ce ko ta zo da kanta, ko ta aiko takardar wakilci mai hatimin hukuma. Zuwa kuwa ba zai yiwu ba. A lokacin an rufe iyaka, sai ta ɓarauniyar hanya a kan babur, ita kuma tana da ƙaramin ciki mai laulayi, likita ya hana ta ko ɗaukar bokiti. Na kira ta na yi mata bayani.

"Umma, wai har yanzu ba a gama ba? Ni fa na ɗauka tuni kina karɓa."

"Da me zan karɓa? Da fuskata?"

Mijinta ya kai ta wani ofishi a can, aka rubuta takarda aka buga mata hatimi har guda uku, aka tsallako da ita ta ɓarauniyar hanya, aka ba wani direba ya kawo mini tasha. Na karɓa ina murna, ban ko buɗe ba sai a gaban rajistara. Ya warware ta, ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta.

"Hajiya, wannan ai Faransanci ne."

Ya ce sai an fassara. A cikin masu cin abinci a wurina akwai wani dattijo mutumin Maraɗi da ke aikin injin narka roba, ya yi boko a can. Ya zauna a bencina da hutun rana ya fassara mini ita tsaf da Hausa a takardar littafin 'yan makaranta, bai karɓi ko sisi ba. Na kai. Rajistara ya karanta har ƙarshe, ya ce fassarar ta yi kyau, amma wane ne wannan mutumin? Kotu ba ta san shi ba. Sai malamin da ke koyar da harshen a makarantar gwamnati, ya sa hannu, ya kuma yi takardar rantsuwa cewa abin da ya fassara daidai ne.

Na ce, "Malam, me ya sa ba ka faɗa mini haka tun farko ba?"

Ya ce, "Ai ba ki tambaya ba, Hajiya."

Kwana tara na yi ina neman malamin Faransanci a garin Kano. Na je wata kwaleji sau uku, ranar farko ba ya nan, ta biyu yana jarrabawa, ta uku ya karɓa ya ce in dawo jibi. Da na karɓo fassararsa na ɗora ta kusa da ta dattijon nan, kalma biyu ce kawai ta bambanta.

Zama na huɗu ne kowa ya hallara. Uban yara ya zo da wansa, wani mai sayar da kayan gini da ban taɓa shiri da shi ba tun ranar ɗaurin aure. Aka kira mu wajen sha ɗaya da rabi. Alƙalin ba tsoho ba ne, siriri mai farin gilashi, yana magana a hankali. Muhuti, magatakardan alƙali, ya karanto buƙatata. Kafin alƙali ya ce komai sai wan ya ɗaga hannu.

"Allah ya gafarta Malam, ni ina ganin an bar ainihin magana. Tunda uwarsu ta yi aure ta bar ƙasar ma gaba ɗaya, ai sai a ba mu 'ya'yanmu. Gidanmu da mutane. Wannan baiwar Allah ta tsufa, kuma yini take a bakin titi."

Na zo neman a gyara suna a takarda, ga shi ana maganar a ɗauke mini yara. Na tuna ƙaramar da ba ta barci sai ta riƙe gefen zanena. Na buɗe baki zan yi magana, muhuti ya yi mini alama in dakata.

Alƙali ya juya wajen uban. "Kai ne mahaifi. Kai ka nemi haka?"

Ya miƙe tsaye, bai kalli wansa ba. "Allah ya gafarta Malam, ni ban nema ba. Ina fita tun da safe, wani makon kuma aikin yamma nake. Yaran sun saba da Mama, ina zuwa ina ganinsu, ba ta taɓa hana ni ba. A bar su a inda suke."

Wan ya ce, "Kai dai ba ka da wayo."

Alƙali ya ce a yi shiru. Ya yi bayani cewa a shari'a idan uwa ta yi aure, riƙon yara yana komawa ga mahaifiyarta kafin kowa, sai in an kawo hujjar cewa ba ta iyawa, kuma sayar da abinci ba hujja ba ce. Ya tambayi wan ko yana da wata hujjar. Ya ce babu.

Aka miƙa wa alƙali takardar Faransancin da fassarar da takardar rantsuwar, duk an maƙale su da allura. Ya ɗaga ta farko, ya leƙa ta biyu, bai fi ƙiftawar ido ba ya ajiye su gefe.

"Uwar tana da waya?"

Na ce tana da ita.

"Kira ta, ki sa a amsa-kuwwa."

Na danna lambarta. Ta ɗauka, ana jin ƙarar turmi a bayanta. Alƙali ya faɗa mata ko shi wane ne, ya tambayi sunanta da na yaran, ya sa uban ya tabbatar muryarta ce. Ya ce ta yarda mahaifiyarta ta riƙa karɓar kuɗin ciyarwa? Ta ce ta yarda. Ya ce Allah ya raba lafiya, aka kashe. Duka maganar ba ta kai minti uku ba.

Na juya na nemi rajistara da ido. Yana can gefe yana jera fayiloli, ko ɗagowa bai yi ba. Wata huɗu da suka wuce na miƙa masa wannan wayar a ofishinsa.

Alƙali ya yi hukunci cewa daga wannan wata ni zan riƙa karɓa. Na yi godiya, sannan na ce, "Allah ya gafarta Malam, na baya fa? Wata biyar ke nan suna ajiye."

Ya duba buƙatata da na rubuta da hannuna. Ya ce abin da na nema shi ne a sauya sunan mai karɓa, kuma an sauya. Na baya an riga an shigar da su da sunan uwar a ƙarƙashin tsohon hukunci. Ko ta zo ta sa hannu, ko in shigar da wata buƙatar daban a kansu. Kafin in ce wani abu muhuti ya kira shari'a ta gaba, wasu mutum biyu masu rigimar akuya suka taso suna turereniya.

A waje na zauna a kan dakali. Wan ya wuce bai yi mini sallama ba. Uban yara ya sayo ruwan leda ya kawo mini, ya tsuguna a ɗan nesa. Na ce na gode da abin da ya faɗa a ciki. Ya ce ai gaskiya ce. Sai ya ciro wata takarda daga aljihu ya nuna mini, gargaɗi ne daga wurin aikinsu saboda ranakun da ya yi fashi yana zuwa kotu. An ce in ya ƙara, a bakin aikinsa.

"Mama, in kun shigar da ta biyun, sai an sake kirana ko?"

Na ce haka nake zato.

Bai ce kada in shigar ba. Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. Ni ma na san ba zan shigar ba. In aka kore shi, ba na baya kaɗai za mu rasa ba. Na ce ya tashi ya tafi kada ya makara, na zauna na shanye ruwan.

Daga watan nan na fara karɓa. Rajistara yana ganina zai washe baki ya ce, "Hajiya, an zo?" kamar tare muka sha wahalar. Ina amsawa, don ba ni da yadda zan yi. Duk zuwa sai na ga layukan nan biyar a littafinsa, babu sa hannu a gabansu.

'Yata ba ta zo Kano ba sai da ta haihu ta yi arba'in ta ƙara wata biyu, an kuma buɗe hanya. Kafin nan kayan masarufi sun yi tashin da kowa ya sani, kuɗin da a da za su sayi buhun shinkafa da ragowa sun koma ba sa kai ko'ina. Washegarin zuwanta na ce ta shirya mu je. Na riƙe mata jaririn a bencin waje, ta shiga ofishin. Ban gama gyara masa hula ba ta fito tana saka kuɗin a jaka.

"Umma, ai abin ba wuya. Sa hannu kawai na yi ya ba ni. Mutumin ma yana da kirki wallahi."

Na miƙa mata ɗanta. Muka tari adaidaita, tana ta ba ni labarin Damagaram da tsadar tumatir a can, ban tanka mata ba har muka sauka a Dakata.